Shinkafa Uku a Tukunya Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja kular abinci na nufi Marylebone ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Har yau in hanya ta bi da ni unguwar nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in ƙara sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. A Barking muke zaune, ni da maigidana, Baban Hanifa, da yaranmu. Aikina na ainihi a wani kantin magani yake, amma abin da Hausawan London suka san ni da shi girki ne. Suna, walima, saukar karatu, tarbar wadda ta dawo daga Umara, in dai kun ga manyan kuloli jere a jikin bango, to hannuna ne. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Na sha faɗa a cikin mata cewa ko rufe min ido aka yi aka miƙo min shinkafa, daga ƙamshinta zan faɗi ruwan da za ta sha. (Allah ya yafe mana cika baki, shi ne dai ya kai ni ya baro.)

Muna da ɗan ɗaki a sama da muke ba ɗalibai haya. A shekarar da nake ba ku labari, wata baiwar Allah ce a ciki mai suna Zuhura, 'yar wani ƙaramin tsibiri da ke gabar gabashin Afirka. Ranar da ta nuna min shi a taswirar wayarta sai da na sa tabarau, na ɗauka datti ne a gilashin. Yarinya ce mai sanyin hali, ga salla a kan lokaci, ga ladabi, Anti take ce min. Da Turanci muke magana, ni ce dai zan mayar muku da shi Hausa.

Karatun noma take yi, kuma duk rayuwarta a kan shinkafa ta ƙare. Ruwan teku ne yake ta kutsawa cikin fadamun tsibirinsu. Gishiri ya kama ƙasa, shinkafa ta tsiro ta yi kore shar, sai ta yi jawur ta mutu tun kafin ta fitar da kai. Gonar mahaifiyarta na cikin waɗanda abin ya ci, an jera damina da dama tsohuwar ba ta girbe abin kirki ba. Su Zuhura sun yi shekaru suna gwada iri daban-daban, har suka samu guda uku da suke jure gishirin. Wata ƙungiya a nan London ta yarda za ta ɗauki nauyin yawaita iri ɗaya tak a cikinsu, a raba wa manoma kafin ruwa ya sauka. Matsalar ita ce an taɓa raba musu wani iri a baya wanda ya jure gishiri lafiya lau, amma in aka dafa shi sai ka ce tsakuwa. Mata suka ƙi shi, aka riƙa watsa wa kaji, manoma suka koma wa tsohon irinsu mai mutuwa. Shi ya sa wannan karon aka ce harshe ne zai yanke hukunci. Aka gayyato matan tsibirin da ke zaune a London su zo su ɗanɗana, su zaɓi wadda mutanensu za su yarda su ci.

Duk wannan bayanin da na zayyana muku tiryan-tiryan, daga baya na fahimce shi. Zuhura kam ta gaya min, ba sau ɗaya ba, tana tsaye a ƙofar kicin. Ni kuma hannu ɗaya na cikin kaskon suya, ɗayan na riƙe da waya, ina ta "uhm, Allah sarki, kai, abin tausayi." Abu biyu ne kawai suka shiga kunnena suka zauna: shinkafa, da manyan baƙi.

Ana gobe taron, bayan la'asar, ta sauko da wasu ƙunshi uku na farin yadi, tana riƙe da su kamar jarirai. An ɗaure bakin kowanne da zaren ulu: ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi.

"Anti, wata alfarma nake nema. Gobe tun safe zan kasance a wajen taron ina bayani, kuma wurin babu kicin. Don Allah ki dafa min waɗannan, ki kawo da azahar da zafinsu."

Na ce, "Wannan ai ba alfarma ba ce, sana'ata ce. Da wace miya?"

"Babu miya."

"To, mai da yaji?"

"A'a, Anti. Kowace a tukunyarta, ruwa kawai, ko gishiri kada ki sa. Kuma ki kula min da su, su ke nan aka iya cirowa. Abin da ya rage can tsibiri duk iri ne, ba a taɓa shi." Har ta juya za ta hau sama, sai ta waiwayo ta yi murmushi ta ƙara da cewa, "Kada ki wahalar da kanki. Fara kawai ta isa."

To jama'a, ku yi min adalci. Wace Bahaushiya ce za a ce wa "kada ki wahalar da kanki" ta ɗauki maganar a yadda aka faɗe ta? Mu a gidan da na tashi, in baƙo ya ce ruwa ma ya isa, kaza ce ta shiga uku. In surukarki ta ce "ɗan kunu kawai zan sha," ki tashi ki ɗora sanwa, in ba haka ba labarinki zai riga ki zuwa gida. Ina jin kalmar nan sai zuciyata ta narke. Na ce Allah sarki baiwar Allah, ɗaliba ce, ba ta da abin sayen kaza, kara ta hana ta ɗora min nauyi, shi ne za ta tara manyan mutane ta ba su shinkafa gaya kamar 'yan gidan yari. Kuma a ce daga gidana abincin ya fito? Ina! Ba da ni ba.

Baban Hanifa yana falo yana jin mu. Da ta hau sama ya leƙo kicin ya same ni ina fito da kaji daga firiza.

"Waɗannan fa?"

"Na baƙin Zuhura ne."

"Na ji kamar ta ce fara."

"Kara ce, kai ba za ka gane ba."

Ya ce, "Yarinyar nan fa ba Bahaushiya ba ce. In ta ce fara, ina jin fara take nufi."

Na ce masa tun da muka yi aure ban taɓa bin shi ofis na gaya masa yadda zai yi aikinsa na ƙaramar hukuma ba, don haka ya bar min kicin ɗina. Ya ɗaga hannu biyu ya ce shi dai ya faɗa, Allah ya ba da sa'a. Ya koma wa labaransa na talabijin.

Washegari, yara sun tafi makaranta, gida ya rage ni kaɗai, na kwance ƙunshin nan. Mai shuɗin zare doguwa ce siririya, ba laifi. Mai koren zare gajera ce ƙuttuɓa, duk ta yi dishi-dishi, na ce wannan ko kyauta aka ba ni a kasuwa sai na yi shawara. Amma da na buɗe mai jan zaren, wayyo Allah! Wani ƙamshi ya daki hancina, sak jar shinkafar da kakata Inna take sussuka mana a Kura muna yara. Na tsaya a tsakiyar kicin a Barking, ƙwalla ta cika min ido.

A nan ne shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata. Ya ce, tafi ɗaya me zai rage? Ki dafa ranar Lahadi ki tuna Inna. Na ɗebi tafi ɗaya, na ƙara rabi. Da na dubi ƙunshin sai na ga ya rame a kan 'yan uwansa, na ce kash, kowa ya gani zai gane. Sai na ɗebi daidai haka a koren, na ɗebi daidai haka a shuɗin, don su daidaita. (Ku lura fa, shinkafar da nake shirin juyewa a tukunya, wa zai ga tsayin ƙunshi? Amma ɓarawo ba ya tunani sai ya isa gida.) Na zuba kowace a 'yar leda, na ga zarurrukan suna yashe a kan kantar kicin, ni kuma ba na yar da abu, sai na ƙulle kowace da zarenta. Na tura su can bayan gwangwanin shayi inda ba mai leƙawa.

Sauran na haɗa su a roba ɗaya na wanke. Tukunya uku a kan me, ana tsadar gas? Da na duba sai na ga duka-duka ba za ta ƙosar da mutum biyar ba, balle ɗakin taro. Abin kunya! Na jawo buhuna na gida na auna mata kwano biyu na 'yar kanti, na ce yanzu kika zama abincin mutane.

Na soya albasa, na zuba tumatir da tattasai da attaruhu, na sa romon kaza, kori, 'yar daddawa don asiri. Sai dai tun a tukunya shinkafar nan ta so ta gargaɗe ni. Wata ta dahu har ta fara caɓewa, wata tana nan da ranta ƙyam, wata ta shanye ruwan kowa ta kumbura. Ban taɓa kokawa da girki irin na ranar ba. Maimakon in tsaya in ce anya, sai na ce wato ni za a gwada wa taurin kai? Na rufe ta ruf, na rage wuta ta turara, har sai da ta saduda. Na jera soyayyun kaji a sama, agada a gefe, dafaffen ƙwai, na cika jarka da zoɓo mai abarba. Sannan na yi wanka na ɗauko leshina ruwan zuma, na kafa ɗauri wanda sai na sunkuya kafin in shiga ƙofa.

A cikin tube kuwa, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ba a magana. Ƙamshi ya cika taragon layin District tun daga Barking, wani dattijon Bature da ke kusa da ni ya kasa karanta jaridarsa, sai haɗiyar yawu yake. Ni kuwa ina zaune na ɗora hannu a kan kula, ina ta tsara yadda zan amsa yabo. Har na yanke shawarar zan ce, "Haba, ba komai, ɗan abin da ya samu ne."

Na samu ginin, aka nuna min ɗakin a hawa na biyu. Da shigata na fara jin wani abu bai zauna daidai ba. Dogon tebur ne, an jera wasu 'yan mitsi-mitsin fararen kofuna layi uku, layi ɗaya da ɗigon ja, ɗaya da kore, ɗaya da shuɗi. Ga 'yan cokula kamar na ba jariri magani, ga ruwan kurkure baki. Na waiga ina neman farantai, babu ko ɗaya. A raina na ce kai, Turawa da rowa, a wannan abin za a ci kaza?

Matan tsibirin suna zaune a jere cikin zannuwansu masu rubutu a baki, wata tsohuwa mai sanda a tsakiyarsu, da gani ita ce babbarsu. A bakin tebur akwai shugabar ƙungiyar, wata Baturiya mai furfura. Kusa da ita wani mutum baƙi mai tabarau, wanda yana ganin ɗaurina ya washe baki ya ce, "A'a, Hajiya, sannu da zuwa, yaya hanya?" Ashe ɗan Jos ne, Dakta Bitrus, masanin noma da yake ba ƙungiyar shawara. Na ji daɗi na ce ga ɗan gida, yau akwai wanda zai san darajar abin da na kawo. Da na san abin da zai biyo baya, da na roƙi Allah ya sa babu mai jin Hausa a duk unguwar.

Zuhura ta taso da sauri, fuskarta fal murna. Ta dubi kula, ta leƙa bayana.

"Anti, ina sauran biyun?"

Na ce, "Duk suna ciki, 'yata. Kwantar da hankalinki, na fitar da ke kunya."

Na ɗora kula a tsakiyar tebur, na ture 'yan kofunan nan gefe, na ce bismillah, na ɗaga murfi.

Tururi ya tashi. Shinkafa ta yi jawur tana sheƙi, kaji sun yi sahu a kai. Na ja da baya ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Matan suka dubi juna.

Zuhura ta matso a hankali ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Da ta buɗe baki, muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Anti, wace ce wannan? Ja, ko kore, ko shuɗiya?"

"Dukansu," na ce. Kuma don Allah ya gama tona min asiri, sai na ƙara da alfahari, "Har da ƙari na yi miki daga buhuna."

Ta dafa tebur.

Dakta Bitrus ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce da Hausa, a hankali kamar mai yi wa mara lafiya bayani, "Hajiya, ba cin abinci aka zo yi ba fa. Waɗannan iyayen an kira su ne su ɗanɗana kowace shinkafa ita kaɗai, su faɗi wadda za a shuka a tsibiri gaba ɗaya. Ɗigon nan da kike gani a kofi, shi ne zaren da kika kwance."

Wallahi a lokacin ne duk maganganun da Zuhura ta yi ta yi min a ƙofar kicin suka dawo min lokaci ɗaya, har da na kajin da aka watsa wa shinkafa. Na ji ɗaurin kaina ya yi nauyi kamar na ɗauko tulu. Gumi ya karyo min a cikin leshi, ga sanyin London amma ni a Kano nake cikin watan azumin bazara.

Tsohuwar nan mai sanda ta miƙo hannu ta ɗauki ɗan cokali, ta ɗebo daga gefen kula, ta tauna a nutse. Ta faɗi wata magana da yarensu, matan suka rufe baki da gefen zane. Shugabar ta tambayi abin da ta ce. Wata budurwa a cikinsu ta fassara: "Ta ce abinci ya yi daɗi, Allah ya yi wa hannun albarka. Amma ita tumatir da kaza take ji, kuma ba tumatir da kaza gishiri ya kashe musu a gona ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da kula da jarkar zoɓo mun shige tare.

Shugabar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cikin ladabin nan nasu mai yanka, ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba za su zaɓi iri da ka ba, tunda garin haka aka yi asara a baya. Sai dai a jira gonar gwaji ta sake bayarwa a aiko da wata. Kowa a ɗakin ya san ma'anar hakan: daminar bana ta wuce ke nan.

Zuhura ba ta kalle ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki ɗaya daga cikin 'yan kofunan tana jujjuya shi. Sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Na riga na gaya wa mama ta gyara gona."

Nan kunya ta koma ciwo. Tsohuwar da ban taɓa gani ba, tana can ta sunkuya tana gyaran ƙasar da gishiri ya cinye, ta dogara da maganar 'yarta, ni kuma na zo na zuba wa maganar kori da daddawa.

Sai na tuna da bayan gwangwanin shayi.

Ku tsaya ku ji irin tsaka-mai-wuyar da na shiga. In na yi shiru, zan fita daga ɗakin nan a matsayin wawuya mai kyakkyawar niyya, wadda za a yi wa dariya a yafe. In na yi magana, na zama wawuya kuma mai ɗan hali, a gaban ɗan Jos da zai iya kai labarin har Barking kafin in sauka daga jirgi. Shaiɗan ɗin ɗazu ya dawo ya ce ki ja bakinki, mutuncinki fa. Na dubi Zuhura da kofinta.

Na ce, "Akwai saura."

Duk suka juyo.

"A gida. Kaɗan ce. Kowace daban, da zarenta."

Zuhura ta miƙe tsaye. Shugabar ta dafe ƙirji ta ce kai, amma na yi hangen nesa, wato na ware wani abu don gudun ko-ta-kwana! Ga ƙofa a buɗe, in gyaɗa kai kawai in fita da sauran mutuncina. Har na fara gyaɗawa. Sai Dakta Bitrus ya sunkuyo ta saman tabarau ya ce da Hausa, "Hajiya, tsakaninki da Allah, ragewa kika yi ko tsakura?"

Kafin in harare shi, Zuhura ta kama hannuna ta ce dole ta san yadda aka yi, yaushe na ɗiba, da me, na tabbata ban gauraya ba? In akwai shakka ko kaɗan, gwajin bai da amfani. Babu mafita. Na tsaya a gaban manyan mutane, cikin leshi ruwan zuma, na ba da labari tun daga ƙamshin Inna har zuwa yadda na daidaita tsayin ƙunshi don kada a gane. Duk inda Turancina ya nemi ya lulluɓe wani wuri, Dakta Bitrus sai ya taimaka ya yaye. Da na zo wajen daidaitawar nan, mutumin nan ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Budurwar ta fassara wa matan, ɗakin ya kece. Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa tana share hawaye, ta ce a gaya min kada in damu, ko a tsibirinsu ba a taɓa yin mai girkin da ta mayar da buhu yadda ta karɓe shi ba.

Tunda azahar ta yi kuma ga abinci, sai aka nemo farantan takarda aka ci dafa-dukan. Ba don in yabi kaina ba, ko ƙwara ba ta rage ba. Dakta Bitrus yana faranti na biyu ya ɗago kai ya ce, "Ni fa ina ganin tekun nan, da za a samu dattawa su je su yi masa magana a hankali, zai koma." Na ce, "Dakta, santi ne." Iyakar ramuwar da na samu ke nan a ranar.

Da yamma muka ɗunguma gaba ɗaya, har da Baturiya da jakar kofunanta, muka hau jirgin District muka nufi Barking. Na fito da ƙulle-ƙullen nan uku daga maɓoyarsu kowa yana kallo. Zuhura ta karɓa, ta ɗauko ƙananan tukwanen da nake dafa shayi, sannan ta dube ni ta ce, "Anti, don Allah ki je ki huta." Wato a kicin ɗina, ni da ake yi wa booking tun wata biyu kafin suna, aka kore ni. Na koma kan matattakala na zauna na rafka tagumi, ina jin ta tana auna ruwa da kofi.

A haka Baban Hanifa ya dawo daga aiki. Ya ga takalma sun cika ƙofa, ya ga falo cike da baƙin fuska, ya gan ni a matattakala ɗauri ya karkace. Ya leƙa kicin ya ga tukwane uku, kowace da farar shinkafa. Ya ce, "Sannu da hutawa, uwar girki," ya wuce sama, ina jin dariyarsa ta cikin bango.

Rabin cokali kowace mace ta samu daga kowace tukunya. Suka tauna, suka kurkure baki, suka jira ta huce suka sake taɓawa, suka yi ta gardama da yarensu. Ni ina daga matattakala ina addu'a a zaɓi ja, ko ba komai in ce hancina bai yi ƙarya ba. Ina! Jar nan tawa, tsohuwar ta ce da ta huce ta ƙanƙame, kuma su mazansu da sanyinta suke tafiya da ita kamun kifi. Shuɗiyar ba ta da auki. Gajerar nan mummuna da na raina, mai koren zare, ita ce ta yi laushi da zafi, ta yi laushi da sanyi, ga auki kamar an ninka ta. Ita suka zaɓa baki ɗaya.

Bayan baƙi sun watse, Zuhura ta kankaro ɗan abin da ya manne a gindin tukunyar, ta zo ta zauna kusa da ni a matattakala ta miƙo min cokalin. Na ce ban cancanta ba. Ta ce in ci. Na ci, gaya, babu mai babu gishiri. Wani ɗan zaƙi-zaƙi gare ta a can ƙarshe, kamar ɗanyar gyaɗa. Shekara da shekaru ina dafa shinkafa ina cika baki, ashe ban taɓa jin ɗanɗanonta ita kaɗai ba. Na ce mata ta yafe min. Ta ɗora kanta a kafaɗata ta ce ta yafe, amma ko ruwan zafi ba za ta ƙara ba ni in dafa mata ba.

Ta gama karatu ta koma gida. Watanni bayan haka ta turo min hoto: mahaifiyarta, 'yar tsohuwa siririya, tsaye a gona, shinkafa ta kai mata ƙugu, kawunan sun sunkuya don nauyi. A ƙasa akwai saƙon murya, tsohuwar tana magana tana dariya, Zuhura tana fassarawa: wai a gaishe mata da matar London mai dogon hannu, Allah ya ƙara wa hannun tsawo. Na saurara sau uku a ɗakin hutun ma'aikata, na yi dariya, na yi kuka, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Labarin kuwa ya riga ni zuwa ko'ina, Dakta Bitrus bai yi ƙasa a gwiwa ba. Yanzu duk wadda ta kawo min kayan girkin suna sai ta ce, "Hajiya, a dafa duka fa, ban da bayan gwangwanin shayi." Baban Hanifa kuma ya samu abin faɗa har ƙarshen rayuwa: wai shi kaɗai ne a London yake da matar da karamcinta ya kusa kashe gona, halin ɓeranta ya cece ta.

Darasin da na koya bai da yawa. In mutum ya ce min "kada ki wahalar da kanki," yanzu sai na fara tambayarsa garinsu. In Bakano ne, in kama kaza. In daga tsibiri ya fito, in ɗora ruwa, in ɓoye daddawa, in zauna a kan hannuwana.